Bayan ka gyara kiredit ɗinka: tambayoyi da amsoshi kan daina leƙen maki kullum

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan'uwa mazauna Amurka suke yawan yi mini, wasu a ƙofar masallaci bayan an sauko daga Juma'a, wasu ta WhatsApp da tsakar dare. Galibinsu mutane ne da suka sha wuya. Wani aiki ne ya tsaya masa, wani rashin lafiya ce ta kwantar da shi, wani kuma hannu ya sa wa ɗan'uwa a bashin mota, ɗan'uwan ya daina biya. Makin kiredit, wato lambar da masu ba da bashi ke dubawa don auna yadda mutum ke biyan bashi, ya faɗi warwas, suka shekara biyu, uku, wani ma biyar suna gyara. Yanzu maki ya dawo, amma hankali bai kwanta ba. Na san wannan hali domin na zauna a cikinsa. Akwai lokacin da ina sallame sallar asuba, tun kafin in fara azkar, hannuna ya riga ya kai ga waya don in ga ko lambar ta motsa.

Makina ya haura 740, amma har yanzu sau uku ko huɗu nake dubawa a rana. Ni kaɗai ne haka?

Ba kai kaɗai ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutumin da aka taɓa hana shi hayar gida saboda makinsa, ko mai sayar da mota ya dubi kwamfuta ya ɗago kai ya ce masa sai dai ya kawo wanda zai tsaya masa, wannan kunyar ba ta barin zuciya ranar da lamba ta gyaru.

Sannan a lokacin gyara, dubawar tana da amfani na gaske. Ka biya wani tsohon bashi, bayan wata guda ka ga maki ya ƙaru da ashirin, ka ji ƙarfin gwiwa. Ka saba da wannan daɗin. Yanzu da ka kai sama, babu sauran irin wannan tsalle, sai 'yar hawa da sauka ta maki biyar ko goma, amma hannu bai daina zuwa aljihu ba. Abin da ya rage maka shi ne tsoron kada a koma gidan jiya, kuma leƙen waya ba ya maganin wannan tsoron. Yakan lafa na awa biyu, ya sake tasowa.

Yawan dubawa yana rage maki?

A'a. Ko sau ɗari ka duba naka da kanka, ba ya taɓa maki. Wanda yake taɓawa shi ne binciken da banki ko kamfani ke yi idan ka nemi sabon bashi ko sabon kati. Shi ma a lissafin FICO, kamfanin da ke ƙididdige makin, galibi ƙasa da maki biyar yake ci, tasirinsa yana gushewa bayan wata 12, ya fita daga rahotonka gaba ɗaya bayan shekara biyu.

Ɓarnar yawan dubawa a wani wuri take. Manhajojin da ke nuna maka maki kyauta, daga tallar katuna da basussuka suke samun kuɗinsu. Duk buɗewar da ka yi, akwai sabon kati a gabanka da alƙawarin cewa da wuya a ƙi ka. Wanda ya buɗe sau ɗaya a wata talla ɗaya zai gani, wanda ya buɗe sau huɗu a rana kuwa wata rana sai ya danna.

Jiya makina 752, yau 739, kuma ban yi komai ba. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi hana mutane barci, kuma amsarta kusan kullum ɗaya ce: kamfanin katinka ne ya aika da lissafin wata.

Ga yadda FICO take raba lissafinta. Kashi 35 cikin ɗari na biya a kan lokaci ne. Kashi 30 na yawan bashin da ke kanka ne, musamman abin da ka ci daga iyakar katinka. Kashi 15 na daɗewar tarihinka, kashi 10 na sababbin basussuka, kashi 10 na ire-iren bashin da kake da su. Idan ka lura, uku daga cikin biyar ɗin nan da ƙyar suke motsi daga wata zuwa wata. Mai rawa shi ne kashi 30 ɗin.

A ce iyakar katinka dala 2,000 ce. Ka sayi tikitin zuwa gida da dala 900 a kansa, kana da niyyar biya duka kafin ranar biya, kuma kuɗin suna nan a asusunka. To kamfanin ba ya jiran ranar biya. Galibi ranar da ya rufe lissafin wata yake aika wa hukumomin da ke ajiye rahoton bashin mutane da abin da ya gani, kuma abin da ya gani shi ne ka ci kashi 45 na iyakarka. Maki ya sauka. Ka biya, wata mai zuwa ya aika da sabon lissafi, maki ya koma inda yake. FICO 8, sigar makin da ta fi yawo a hannun kamfanonin katuna, ba ta riƙe wannan a zuciya, lissafin wannan watan kawai take gani. Akwai sababbin ma'aunai irin su FICO 10T da VantageScore 4.0 da ke waiwayar wata 24 baya, amma su ma ɗabi'arka suke nema, tikitin wata guda ba zai sauya musu ra'ayi a kanka ba.

Ni sai da na fahimci wannan sosai sannan na fara samun sauƙi. Na daɗe ina ɗaukar kowace sauka a matsayin laifin da na yi, ashe ranar wata ce kawai.

Manhaja tana nuna mini lamba ɗaya, bankina yana nuna wata. Wacce ce ta gaskiya?

Duk biyun, kuma akwai wasu da ba ka taɓa gani ba. Hukumomin da ke ajiye rahoto uku ne: Equifax, Experian da TransUnion, kuma ba dole ba ne abin da ke wurin ɗaya ya zama yana wurin ɗaya. A kan waɗannan rahotanni ake ɗora ma'aunai daban-daban. FICO ta fito da makinta na gama-gari a 1989, kuma tana da sigogi da yawa, har da na musamman don bashin mota da na kati. VantageScore kuma hukumomin uku ne suka haɗu suka kafa ta a 2006. Credit Karma, wadda yawancinmu muke da ita a waya, VantageScore 3.0 take nunawa daga TransUnion da Equifax. Masu ba da bashin gida kuwa sun daɗe suna amfani da tsofaffin sigogin FICO, su ciro uku daga hukumomin uku, su ɗauki na tsakiya.

Ke nan mai yiwuwa ne lambar da ta ɓata maka rai da safe ba ita ce wani mai ba da bashi zai taɓa kallo ba.

To a wane maki mutum zai ce ya isa? Ina so in kai 850.

Ma'aunin daga 300 yake zuwa 850. A rabe-raben FICO, ƙasa da 580 rauni ne, 580 zuwa 669 dama-dama, 670 zuwa 739 mai kyau, 740 zuwa 799 mai kyau ƙwarai, 800 zuwa sama kuma na ƙoli. Masu ba da bashi rukuni-rukuni suke kallon mutane. Da zarar ka shiga rukunin sama, wanda a mafi yawan wurare yake farawa tsakanin 760 da 780, abin da za a ba ka shi za a ba mai 830. Babu wata ƙofa da 850 ke buɗewa wadda 790 ba ta buɗewa.

Ra'ayina shi ne neman 850 ɓata lokaci ne. Maki kayan aiki ne da aka ƙera domin mai ba da bashi ya auna yiwuwar za ka makara da biya. Bai san albashinka ba, bai san abin da ka tara a asusun ajiya ba, bai san gidan da kake ginawa a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba, bai san kuɗin da kake tura wa mahaifiyarka duk ƙarshen wata ba. Na san masu maki 800 da ba su da abin da zai riƙe su wata guda idan aiki ya tsaya. Da a ce rabin kulawar da suke ba lambar suka ba asusun ko-ta-kwana, da sun fi samun barci.

Idan na daina dubawa, ta yaya zan san an saci bayanaina an ci bashi da sunana?

Wannan tsoro ne mai tushe, ban raina shi ba. A 2017 an kutsa cikin kwamfutocin Equifax aka kwashi bayanan mutane kusan miliyan 147, har da lambobin Social Security, wato lambar shaidar da gwamnatin Amurka ke ba mutum. Sai dai leƙen maki hanya ce mai rauni ta tsaro, domin sai ɓarawo ya gama aikinsa sannan lamba take motsi. Ka ga ke nan labari kake samu, ba kariya ba.

Abin da ke kare ka shi ne kulle rahoto, wanda a nan ake ce wa firiz. Tun watan Satumba na 2018 doka ta mayar da shi kyauta a faɗin Amurka. Za ka shiga shafin kowace daga hukumomin uku, ɗaya bayan ɗaya, ka kulle. Daga nan duk wanda ya je neman sabon kati ko bashi da sunanka, mai bayarwar ba zai iya ganin rahotonka ba, kuma galibi a nan maganar take mutuwa. Kullewar ba ta taɓa makinka, katunan da kake da su suna ci gaba da aiki yadda suka saba. Ranar da kai kanka kake son neman wani abu, sai ka buɗe na kwana biyu ko uku, ya sake kulle kansa. Ni a zama ɗaya na yi ukun, shayina bai gama hucewa ba.

Ka ƙara da abu ɗaya: ka sa kowane katinka ya riƙa turo maka saƙo duk lokacin da aka cire kuɗi. Wannan shi ne zai nuna maka idan wani ya samu lambar katin da kake riƙe da shi, abin da kullewa ba ta hanawa.

Sau nawa ya kamata in riƙa dubawa?

Ka bambanta maki da rahoto. Rahoto shi ne tushe, a cikinsa ake rubuta kowane asusu da kowane biya, kuma a nan kuskure yake ɓoya. Shi ne ya cancanci idonka. Shafin da doka ta tanada don karɓarsa kyauta shi ne AnnualCreditReport.com. Da can sau ɗaya ne a shekara daga kowace hukuma, a lokacin korona aka mayar da shi kowane mako, a 2023 kuma aka tabbatar da hakan. Kasancewar ana bayarwa kowane mako ba ya nufin ka karɓa kowane mako.

Abin da nake yi shi ne duk wata huɗu in ciro guda: Equifax a Janairu, Experian a Mayu, TransUnion a Satumba. In zauna da shi minti goma sha biyar, in duba sunana da adireshina, in duba ko akwai asusun da ban sani ba, in duba ko an rubuta mini makara a inda ban makara ba. Idan akwai kuskure, dokar da ke kula da rahoton kiredit, wadda aka kafa tun 1970, ta ba ka damar ƙalubalanta, kuma galibi hukumar tana da kwana 30 ta bincika. Na taɓa samun wani kamfanin waya ya rubuta mini bashin layin da na rufe na kuma biya. A rahoto na gan shi, na tura musu rasit, aka cire.

Maki kuwa, sau ɗaya a wata ya wadatar, idan ma ka ga dama. Bankuna da yawa suna nuna shi a cikin manhajarsu, ka gan shi ranar da ka shiga duba lissafin wata.

Babban tsorona shi ne in manta ban biya ba, aikin shekara uku ya rushe.

A nan ne ya dace ka sa ƙarfinka, domin makara ɗaya da aka rubuta tana iya zama a rahoto shekara bakwai, kuma ta fi yi wa mai maki sama illa. Amma ka sani ba a aika labarin makara ga hukumomi sai ta kai kwana 30. Idan ka wuce da kwana biyu ko biyar, za a ci ka tara, wataƙila da kuɗin ruwa, amma rahotonka bai ɓaci ba.

Maganin mantuwa shi ne ka sa banki ya riƙa cirewa da kansa. A kowane kati ka saita biyan dukan lissafin wata, ba mafi ƙarancin da suke nema ba. Idan kuɗin shigarka ba su da tsayayyen lokaci, kamar masu tuƙin tasi da masu kai saƙo, ka saita mafi ƙarancin ya fita da kansa don kariya, ragowar ka biya da hannu. Kamfanoni da yawa suna yarda ka sauya ranar biya, sai ka tattara su duka su faɗo kwana kaɗan bayan ranar da kuɗi ke shigo maka.

Na gama biyan bashin motata, sai maki ya sauka. In ɗauki wani ƙaramin bashi don ya koma?

Kada ka yi. Saukar gaskiya ce, tana faruwa idan wannan ne kaɗai bashinka na biya kashi-kashi, kuma sau da yawa takan gyaru da kanta cikin 'yan watanni. Amma ka dubi abin da kake shirin yi: ka sauke kaya daga kanka, sannan ka je ka nemo wani ka ɗora, ka biya kuɗin ruwa a kai, don kawai wata lamba ta yi kyau a waya. A nan nake ganin abin ya fita daga kulawa ya koma bauta wa maki.

Haka maganar da ke yawo cewa sai ka bar ɗan saura a kati ana ɗora masa ruwa sannan maki yake hawa. Ba gaskiya ba ce. Ka yi amfani da katin, ka biya duka kafin ranar biya, tarihin biyanka yana ginuwa ba tare da ka ba da ko sisi na ruwa ba. Ga waɗanda muke gudun riba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Malamai sun yi saɓani a kan halaccin riƙe irin wannan kati tun farko, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi, amma barin saura da gangan don a ɗora ruwa ba shi da wani uzuri, ko ta fuskar addini ko ta aljihu.

Tsofaffin tabo har yanzu suna cikin rahotona. Ba sai na sa musu ido ba?

Kallo ba ya sa su fita da wuri. Makara da bashin da aka miƙa wa masu karɓar bashi shekara bakwai suke yi, ana ƙirgawa daga makarar farko. Shelar karayar arziki a kotu ta Babi na 7 na dokar Amurka shekara goma ce, ta Babi na 13 kuma bakwai. Nauyinsu yana raguwa yayin da suke tsufa. Ka rubuta watan da kowanne zai fita a kalanda, idan watan ya wuce ka ciro rahoto ka tabbatar ya fita.

Akwai lokacin da ya dace in koma sa ido sosai?

Akwai. Wata uku zuwa shida kafin ka nemi gida, ko mota, ko sabuwar haya. Kamfanonin da ke saya wa Musulmi gida ba tare da ruwa ba su ma suna duba kiredit. A wannan lokaci ka ciro rahotannin uku tare, ka gyara kuskure tun da sauran lokaci, ka rage abin da ke kan katuna kafin ranar rufe lissafi, kada ka buɗe sabon asusu. Idan kana zagaya masu ba da bashin gida ko na mota don kwatanta farashi, ka yi shi cikin mako biyu, domin ma'aunai suna ɗaukar binciken da aka yi a jere cikin ɗan lokaci a matsayin guda ɗaya. Da an sa hannu an ba ka makulli, ka sake kulle rahotonka ka koma yadda kake.

Ɗan'uwana ya ga makina ya yi kyau, yana so in tsaya masa a bashi. Yaya zan yi?

Wannan ya fi duk wata hawa da sauka ta wata-wata haɗari. Idan ka sa hannu, bashin naka ne a idon doka, duk makarar da ya yi a rahotonka za ta zauna, kuma sau da yawa ba za ka ji labari ba sai ta riga ta zauna. Na san nauyin cewa a'a ga wanda kuka fito gari ɗaya, wataƙila ma shi ya tarbe ka a filin jirgi ranar da ka sauka. Idan kana da hali, ka ba shi abin da za ka iya yafewa daga aljihunka, ka kuma nuna masa yadda zai gina nasa da katin da ake buɗewa da kuɗin ajiya. Idan kuma ka ga dole sai ka tsaya masa, ka tabbatar kana iya biyan bashin duka kai kaɗai, kuma ka nemi damar shiga asusun don ka riƙa ganin biyan da idonka.

Mu da muke Najeriya, wannan magana ta shafe mu?

Ta wani ɓangare. Akwai hukumomin rahoton bashi da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi, su ne CRC, FirstCentral da CreditRegistry, akwai kuma dokar rahoton bashi ta 2017. Bankuna da manhajojin ba da rance suna aika musu bayani, don haka rancen da ka ci ta waya ka ƙi biya yana iya tare maka hanya a banki gobe. Amma maki bai shiga rayuwar yau da kullum kamar yadda ya shiga a Amurka ba, inda har mai gidan haya yake dubawa. Kuma tarihinka na Najeriya ba ya biyo ka Amurka kai-tsaye, na Amurka ma ba ya komawa Najeriya.

Na goge manhajar sau biyu, na sake saukewa. Ta yaya zan daina da gaske?

Gogewa kaɗai ba ta yi mini aiki ba, domin tsoron yana nan kuma ban ba shi amsa ba. Sai da na fara da kulle rahotannin uku, na saita biya, na kunna saƙon cire kuɗi. Bayan nan ne idan zuciya ta ce "duba mana, ko wani abu ya faru", nake da abin gaya mata: idan wani abu ya faru, saƙo zai zo ya same ni.

Sannan na rage a hankali. Na kashe sanarwar manhajar da wasiƙunta na imel masu cewa makinka ya sauya, waɗanda ko maki ɗaya ne ya motsa sai sun turo. Na ɗauke ta daga fuskar waya. Na yanke wa kaina ranar Asabar kawai, na yi wata biyu a haka, na koma ranar ɗaya ga wata. Na kuma samo wa idona wata lambar da zai riƙa kallo, wato abin da ke cikin asusun ko-ta-kwana, wanda aƙalla ni ne nake motsa shi da hannuna. Na gaya wa maiɗakina abin da nake ƙoƙarin yi, domin ita ce ta fi kowa ganin yadda fuskata ke sauyawa a kan tabarmar cin abinci idan lamba ta sauka.

Idan ka yi duk wannan amma abin bai sake ka ba, kana farkawa cikin dare gabanka na faɗuwa, ko kana faɗa da iyali a kan maki bakwai, to ka yi wa likitanka maganar. Damuwar da wahalar kuɗi ta bari tana daɗewa bayan wahalar ta wuce, kuma ana maganinta kamar kowace cuta. Babu abin kunya a ciki.

Makonnin farko sun yi mini nauyi, ranar Laraba ma sai in ji kamar Asabar ba za ta zo ba. Wata rana ina tsaye a layin biyan kuɗi a kanti, wani ɗan'uwa da muka daɗe ba mu haɗu ba ya ce, "Malam, yanzu kai makinka nawa?" Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga ban sani ba. Na ce masa sai na duba ranar ɗaya ga wata.